Sunayen Maye: Daga Rum Zuwa Dutsi

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai.

An ce in yi magana kan shaye-shaye. Ni kuwa ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, saboda haka ta wajen kalmomi zan ɓullo wa abin.

A jami'a na ɗan taɓa Latin, harshen mutanen Rum na dā. Wanda ya bugu yau suna ce masa ebrius, wanda kuwa sha ya zame masa jiki, ebriosus. Seneca, wanda ya mutu a shekara ta 65 miladiyya, ya yi magana kan wannan bambanci a wasiƙarsa ta 83. Mu ma haka ne: "ya bugu" daban, "mashayi" daban. Suna da madidus, wato jiƙaƙƙe, kamar mu ce ya yi tatul. Ciwon kan wayewar gari kuwa crapula.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce toxicum. Daga Girkanci suka aro ta, asalin ma'anarta dafin da ake shafa wa kibiya, irin na kwankwani da maharbanmu suka sani. Daga cikinta kalmar maye ta Turanci ta fito. Wato can asali, mai maye mutum ne da aka sa wa dafi.

To, ku saurari ƙannenmu a tasha ko a majalisa, nan Dutsi ko Daura. Ba su cewa maye. "Caji" suke cewa, sai ka ce wayar hannu. Kakanninmu sun san zaƙami, amma wanda ya sha, mahaukaci ake ce masa. Yau suna ya yi daɗi, kunya ta tafi. An kafa hukumar NDLEA tun 1989, a 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma doka ba ta shiga bakin yara.

Akwai ɗan ajinmu, ba zan kama suna ba, wanda ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Bara na gamu da shi bai gane ni ba. Shekaru muna cewa "yana ɗan taɓawa", har da ni.

Shugaba, ina roƙo a ware mana rana ɗaya a zango mai zuwa mu zauna da 'yan aji uku. Ni zan fara zuwa.