Warfarin da Zubar Jini a Ƙwaƙwalwa: Awa Huɗun Farko

Kai tsaye zan shiga magana.

Kun san wadda ake kawo mana. Mace ce 'yar shekara talatin da wani abu, ciwon rumatik ya lalata mata bawul ɗin zuciya, tana shan warfarin. An shigo da ita ranga-ranga, baki ya karkace, hoton CT ya nuna jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Irinta ba za su ragu ba, domin binciken INVICTUS na 2022 ya nuna warfarin ya fi rivaroxaban ga masu wannan ciwo da bugun zuciyarsu ya rikice.

To me muke yi mata? Mu rubuta filasma, mu miƙa wa ɗan'uwanta takarda. Ya tafi ma'ajiyar jini, a duba rukuni, a jira leda ta narke, sannan a ɗura leda bayan leda a jikin da zuciyarsa ba ta iya ɗaukar ruwa. Duk tsawon wannan lokaci jinin yana ƙara tsiyaya.

Shekara da shekaru nake kawo hujja ɗaya gaban kwamitocin sayen magunguna, yau ma zan maimaita. A 2016 likitocin Jamus suka buga binciken INCH, inda suka gwada filasma da PCC, wato tatattun sinadaran daskarar da jini da ake narkawa a ɗura cikin mintoci. Kowa ya samu bitamin K. Bayan awa uku, mutum 18 cikin 27 da aka bai wa PCC INR ɗinsu, wato ma'aunin daskarewar jini, ya sauko zuwa 1.2 ko ƙasa. A ɓangaren filasma, mutum 2 cikin 23. Ku sake saurara: 2 cikin 23! Sai da aka tsayar da binciken kafin wa'adinsa, saboda jini ya fi yaɗuwa a kan masu filasma. Kafin nan, a 2015, binciken RETRACE ya nuna yaɗuwar jinin na raguwa idan INR ya sauka ƙasa da 1.3, hawan jini kuma ƙasa da 160, cikin awa huɗu.

Ana ce mini mutum 50 na binciken INCH sun yi kaɗan, kuma PCC na da tsada. Na ji. A lissafa mini kuɗin kwana goma a sashen kulawa ta musamman. Masu ɗokin andexanet kuwa, wannan ba maganin warfarin ba ne.

Abin da nake nema bai canza ba. A ajiye PCC a sashen gaggawa, makulli a hannun ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare. Hoto na nuna jini, a ba da PCC tare da bitamin K miligiram 10 ta jijiya, a sake auna INR cikin rabin awa. Maganar kuɗi a bari sai gari ya waye.