Kuɗinta ne, a tambaye ta

Yau maganarmu a kan wadda Allah Ya yi ta da jinkirin fahimta ce, irin wadda ake ce wa doluwa a gida. Wannan fa ba taɓin hankali ba ne. Tana ganewa, sai dai a hankali, kuma ta san abin da ranta yake so.

A wata ƙungiyarmu da ke Gwammaja, nan Dala, akwai wata baiwar Allah, babba ce, tana suyar awara a ƙofar gida. Duk sati tana zubi, ba ta taɓa fashi ba. Ranar rabo sai yayarta ta karɓe kuɗin, ta sayo atamfa da kwanuka, wai ana tara mata kayan ɗaki. Ina wurin, ban ce uffan ba. Sati uku ba mu gan ta ba. Da na bi ta gida, sai ta ce, "Anti, ni babban kasko nake so, da waken suya." Ashe ba wanda ya tambaye ta. Kunya ta kama ni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan asusu namu ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda CARE ta fara da matan Maraɗi a 1991, don mace ta juya kuɗinta da kanta. Kuma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya.

To, ga abin da za mu riƙe. Ku tambaye ta ita kanta, kuna duban fuskarta. Ku ajiye mata abu biyu a gabanta ta nuna wanda take so. Kar a gaggauta ta, in sai wani satin za ta amsa, a jira. Littafin zubi da sunanta, dangwale da yatsanta. Mai taya ta ƙirga, ita za ta zaɓa. In ta tafka kuskure, wa a cikinmu bai taɓa karya jari ba? Maganar aure kuwa, addini ma ya ce a nemi yardar mace.

Yanzu kowacce ta tuna: wace ce a gidanku ake yanke wa shawara ba a ji ta bakinta ba?