LISSAFIN ALBASHI: ABIN DA KE TAKARDA DA ABIN DA KE ALJIHU



Kowane ɗayanmu ya baro gida ne da niyyar ya samu, ya aika, ya kuma koma da abin hannunsa. Amma daga Agege har Sabon Badun, daga Anacha har Fatakwal, kuka ɗaya nake ji: kafin ashirin ga wata aljihu ya bushe, mutum bai san inda kuɗin ya bi ba. Waɗansu su ce sammu ne, waɗansu su ce kuɗin Kudu ba shi da albarka. Tsada gaskiya ce, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. To, amma akwai wani ɓarawo na biyu, wanda mu ne muke buɗe masa ƙofa, wato lissafi da ka.

Mu ɗauki misalin mai gadi a wani kamfani a Apapa, wanda aka ɗauka a kan Naira 100,000 a wata. Ranar da ya sa hannu ya buga waya gida ya ce albashinsa dubu ɗari ne. Wannan shi ne kuskurensa na farko, domin daga ranar mutanen gida da dubu ɗari za su riƙa auna shi, alhali kuwa ba zai taɓa riƙe ta a hannu ba.

Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai kamfani kuma ya ƙara kashi 10 daga nasa aljihu. Hanyar gane kashi cikin ɗari mai sauƙi ce: ka raba kuɗin gida ɗari, ka ɗauki gidajen da aka ambata. Dubu ɗari gida ɗari, kowane gida dubu ɗaya ne, gida takwas Naira 8,000 ke nan, in an lissafa a kan albashin dukansa. Saura 92,000. Kuɗin nan naka ne, ajiya aka yi maka, saboda haka ka riƙa dubawa ko yana shiga asusunka.

Sa'an nan haraji. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe Naira 800,000 na farko a shekara, abin da ya biyo baya kuma, har zuwa miliyan uku, ana karɓar kashi 15 cikin ɗari. Sauran albashin mutuminmu sau goma sha biyu ya kama 1,104,000. Ka fid da 800,000, saura 304,000. Kashi 15 na wannan shi ne 45,600 a shekara, wato 3,800 a wata. Abin da zai shiga hannunsa Naira 88,200 ne. Dokar ta kuma yi rangwame ga mai biyan haya in ya nuna shaida, don haka kada ku yar da rasit, ku kai wa akawu.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai. Albashi wata-wata yake zuwa, amma manyan bukatunmu shekara-shekara suke zuwa, kuma ba sa sallama. Mai gida a Ikko kuɗin shekara yake so dunƙule. A ce ɗakin Naira 240,000 ne. Wanda bai raba shi gida goma sha biyu ba zai yi wata goma sha ɗaya yana jin kansa mai kuɗi, a na goma sha biyu ya shiga neman rance. In ka raba, 20,000 ne kowane wata, kuma ba naka ba ne tun daga ranar da aka biya ka. Zuwa gida sau ɗaya, mota da tsaraba, a ce 120,000, wato 10,000 a wata. Ɗinkin Salla da hidimarta, a ce 96,000, wato 8,000. Ku haɗa: 38,000. Ku fid da shi daga 88,200, saura 50,200.

Bai ci abinci ba tukuna. Yana aika wa iyali 15,000. Yana kashe Naira 600 a mota kullum, kwana 26 na aiki, 15,600 ke nan. Abin da ya rage 19,600 ne, in ka raba shi kwana talatin kimanin Naira 650 ne a yini. Wannan shi ne mai albashin dubu ɗari. Na ga waɗansu suna girgiza kai. Alƙaluman haya da mota nawa ne na misali, kowa ya cire su ya sa nasa. Amma wanda ya ga 650 ɗin nan a rubuce zai san dalilin da ya sa bai kamata ya ce to ga kowace waya daga gida ba, zai kuma san ko ya nemi abokin zama su raba haya, ko ya jinkirta tafiya.

Masu zubin adashi na mako, ku ma akwai naku. Wata ba mako huɗu ba ne. Shekara mako 52 ce, ba 48 ba. Mai zuba 3,000 kowace Juma'a yana zaton 12,000 yake fitarwa a wata, nan kuwa 156,000 ne a shekara, wato 13,000 a wata. Dubu ɗayan nan tana cikin kuɗin da kuke cewa ya ɓace. Haka mai cirar 5,000 a wurin mai POS ya ba da ɗari: kashi biyu cikin ɗari ne, in sau goma ya cira, dubu ta tafi.

Rance kuwa, hukuncin kuɗin ruwa na bar wa malamai, ga su nan zaune. Ni lissafi kaɗai zan faɗa. Wanda ya ce maka kashi goma a wata, kashi 120 yake nufi a shekara. Ka karɓi 50,000, ka yi ta biyan 5,000 har wata goma, ka biya dubu hamsin cif, uwar kuɗi kuwa tana nan ko kwabo bai ragu ba.

Dattawanmu sun tuna kuɗin Udoji na 1975, lokacin da aka biya ariyas, kasuwa ta tashi ta tarye shi. Mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne a 1981, a 2024 aka mai da shi 70,000, ninki 560 ke nan, ku tambaye su ko kwanon shinkafa ya tsaya jiran kowa.

Abin da na roƙa, a zamanmu na gaba kowa ya zo da takardar albashinsa, mai sana'a kuma ya zo da cinikinsa na mako huɗu a rubuce, da ɗan littafi da biro. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya zo da yaronsa ɗan makaranta, mu zauna mu raba tare.