Na'ura, Akawu da Talaka



Da aka nemi in yi magana a kan yadda gwamnatin Nijeriya take mai da ayyukanta bisa kwamfuta da intanet, da farko na ce ba fannina ba ne, domin ni malamin harshe ne. Daga baya na lura cewa duk wata hulɗa tsakanin hukuma da talaka magana ce: hukuma ta yi tambaya, talaka ya amsa, akawu ya rubuta. Inda magana take kuwa, malamin harshe ba ya rasa ta cewa.

Bari mu fara ba na'ura haƙƙinta. A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma biyan albashi ta tsarin IPPIS, watau a tara sunayen ma'aikata wuri guda, kuɗi ya tafi asusun kowa kai tsaye. A 2014 Babban Banki ya fito da lambar BVN, wadda take haɗa asusun mutum da hoton yatsunsa. Da aka gwama waɗannan biyu, sai a watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta ba da sanarwar cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi. Waɗannan sunaye sun daɗe suna cin kuɗin baitulmali, fayil kuwa bai taɓa tona musu asiri ba, domin fayil yana da masu tsaronsa. A 2015 kuma aka tilasta wa ma'aikatu su zuba kuɗin shigarsu a asusu guda. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne, bai yi adalci ba.

Amma ku lura, duk abubuwan nan da na lissafa gwamnati ce take duban jama'a, tana ƙidayarsu, tana tantance su. Abin da nake so mu duba yau shi ne ɗaya ɓangaren, watau talaka yana neman gwamnati.

Manyanmu da ke nan za su tuna da mai rubuta wasiƙa, wanda yakan kafa teburinsa a gindin bishiya, ƙofar gidan waya ko ƙofar kotu. Ka gaya masa damuwarka da Hausa, ya zuba ta da Turanci, ka biya shi. An ce mana intanet za ta kawar da ɗan tsakiya, kowa ya nemi fasfo ko rajistar kamfani daga ɗakinsa. To, mai rubuta wasiƙa bai mutu ba, shago ya sake. Yau yana zaune gaban kwamfuta da janareta a bayansa, kuma abin da ake miƙa masa ya wuce damuwa: har da lambar banki, da lambar sirri, da ranar haihuwa. Idan ya yi kuskuren harafi ɗaya, ba shi zai yi zirga-zirgar gyara ba.

A watan Disamba na 2020 aka ba da umarni kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, aka kuma sa wa'adin mako biyu. Kowa ya ga cincirindon da aka yi a ƙofar ofisoshin rajista, ana tsakiyar annobar korona. An yi ta ɗaga wa'adin, har a watan Afrilu na 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. Tsarin da aka ce ya zo ya kashe layi, shi ne ya haifi layin da ba a saba ganin irinsa ba. Ɗalibai ma sun san nasu: tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, kuma akwai yaron ƙauyen da ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsa ya taɓa linzamin kwamfuta.

Yanzu in shiga gonata, watau maganar suna. Fom ɗin hukuma yana neman sunan iyali, irin na Turawan Ingila, wanda ake gado kaka da kakanni. Bahaushe ba shi da wannan al'ada. Sunansa ne da na mahaifinsa, wani lokaci da laƙabi, wani lokaci da sunan gari, kamar yadda makarantun zamanin Turawa suka saba laƙa wa yara. Ta haka muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari. Saboda haka wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sai ka ga wannan ya sa sunan uba, wancan ya sa na kaka. Ga kuma rubutu. Wani ɗalibina Muhammadu ne a takardar firamare, Mohammed a banki, Muhammad a wata hukuma. Duk unguwarsu an san mutum ɗaya ne, amma na'ura ta ce mutum uku ne, ya kuma shafe kusan zango guda yana yawon rantsuwa a kotu kafin a yarda shi ne shi. Akawun da, kome lalacewarsa, yakan ɗaga kai ya dubi fuskarka. Ba na ma son in faɗa cikin zancen ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda takardun hukuma suke yanke wa ƙugiya, har Ɗanladi ya koma Danladi. Haka nan dattijon da ya san an haife shi shekarar wata yunwa, ko zamanin wani sarki, sai a rubuta masa 1 ga Janairu a wuce wurin.

Abin mamaki shi ne, a wannan fage mun ci baya. Tun a 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara kai wa jama'a labarin hukuma da Hausa, kuma a shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci da harshen da mutane suke ji. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a matsayin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadi. Amma akasarin shafukan da ake tura talaka ya cike, da Turanci suke, Turancin ma na lauyoyi.

Ma'aikatan da ke nan za su ce ba su ne suke ƙera tsarin ba, kwangila ake bayarwa. Gaskiya ne, amma ku ne kuke rubuta sharuɗɗan kwangilar. Ba abu mai tsada ba ne a sa sharaɗin cewa kowane fom ya zo da harsunan ƙasa, ya karɓi haruffanmu, ya kuma ba mutum damar nuna cewa sunaye biyu nasa ne. Wanda bai iya karatu ba, a tanadar masa murya, tun da wayar da take hannunsa tana magana. Gyaran kuskure kuma a sauko da shi ƙaramar hukuma, kada mai gyaran harafi ɗaya ya biya kuɗin mota zuwa babban birnin jiha. Fassarar kuwa kada a bar wa na'ura ita kaɗai. Sassan koyar da harsunan Nijeriya na jami'o'inmu suna yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki, kuma wannan aikinsu ne.