MALAMI DA NA'URA A CIKIN AJI: MATAKAN DA MAI KOYARWA ZAI TAKA

Jawabin da aka gabatar a wajen taron bita na malaman makarantun Islamiyya da na boko

  



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa shi ne yadda malami zai ƙaru a cikin sana'arsa ta fuskar aiki da na'urorin zamani a cikin aji. Maganar da muka zo da ita guda ɗaya ce, ita za mu yi ta bi har mu tashi: amfanin kowace na'ura a cikin aji yana tsayawa ne daidai inda sanin malamin da yake riƙe da ita ya tsaya. Saboda haka duk makarantar da take son ɗalibanta su ci moriyar kwamfuta da wayar hannu, to, lalle ne ta fara da gina malaminta, kuma shi malamin ya yarda ya koma ɗalibi, ya taka matakan koyo ɗaya bayan ɗaya.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA ZAMA DOLE

Ya 'yan'uwa, abubuwa uku sun faru a gaban idonmu waɗanda suka fitar da wannan al'amari daga sha'awa suka mayar da shi larura.

Na farko, tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaron da ya ƙoshi da karatu, amma bai taɓa ɗora hannunsa a kan kwamfuta ba, zai shiga ɗakin jarrabawa yana kokawa da na'ura alhali agogo yana tafiya. Hukumar WAEC ita ma ta fara gudanar da jarrabawar ɗalibai masu zaman kansu ta kwamfuta a shekarar 2024.

Na biyu, shi kansa malami bai tsira ba. Hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, wato TRCN, wadda aka kafa a 1993, ta kwamfuta take yi wa malamai jarrabawar cancanta. Takardar shaidar sana'armu ke nan ta rataya a kan abin da da yawa daga cikinmu suke gudu.

Na uku, a watan Maris na 2020 annobar korona ta rufe makarantun ƙasar nan na tsawon watanni. Jihohi da dama suka koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. Malamin da ya iya ɗaukar muryarsa ya aika wa iyayen yara ta waya ya ci gaba da riƙe ajinsa, wanda bai iya ba kuwa ya zauna ya zuba ido har aka buɗe, ya tarar da yara sun zubar da rabin abin da suka sani.

Kuma babu wani baƙon abu a cikin wannan. Magabatanmu sun tashi daga allo da tawada suka karɓi littafin ɗab'i. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 karatun tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya riƙa shiga gidaje ta Rediyon Kaduna, daga baya kaset ya kai karatun malamai ƙauyukan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Abin lura shi ne, rediyo da kaset sun yi amfani ne saboda wanda yake magana a cikinsu ya san abin da yake faɗa.

DARASI DAGA ƘASAR PERU

Domin kada a ɗauka ra'ayinmu ne kawai, bari mu duba abin da ya faru a wata ƙasa. Akwai wani shiri na duniya da aka ƙaddamar a 2005 mai burin bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda har an gwada shi a wata makarantar firamare a Abuja a 2007. Ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta raba wa yara dubban ɗaruruwan kwamfutoci. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun firamare 319 na karkara. Yara sun iya sarrafa kwamfutar sosai, amma ba a ga wani ƙari a sakamakonsu na lissafi da na harshe ba. An kashe kuɗi mai yawa wajen sayen kaya, alhali yadda ake koyarwa a cikin aji yana nan yadda yake.

Sai mu auna wannan da gwajin da aka yi a birnin Benin na Jihar Edo a 2024 tare da Bankin Duniya. An shafe makonni shida ɗaliban sakandare suna koyon Turanci bayan tashi daga makaranta ta amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira, malamansu suna tsaye a kansu, su ne suke tsara abin da za a tambaya, suna kuma gyara inda na'urar ta kauce. Ɗaliban da suka shiga shirin sun fi takwarorinsu ƙoƙari a jarrabawar da ta biyo baya. A Peru an miƙa wa yaro na'ura, a Benin an tsayar da malami tsakanin yaro da na'ura.

MATAKAN DA MALAMI ZAI TAKA

Hukumar UNESCO, a cikin tsarin ƙwarewar malamai da ta sabunta a 2018, ta kasa wannan tafiya gida uku: malami ya san kayan aikin, sannan ya zurfafa karatun ɗalibai da su, sannan ya kai ga samar da sabon abu. Mu kuma, bisa la'akari da halin da makarantunmu suke ciki, mun ga ya dace mu shimfiɗa ta a matakai biyar.

Mataki na farko shi ne malami ya kori tsoro da kunya. Da yawa daga cikin manyan malamanmu abin da yake hana su taɓa kwamfuta shi ne gudun kada yaro ya ga gazawarsu. Amma Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi. Abin da ake bukata a nan kaɗan ne: ya iya rubuta tambayoyin jarrabawa da kansa, da boko da Larabci, ya iya adana su ya sake nemo su, ya iya shigar da makin ɗalibai a jadawalin kwamfuta ta tara masa, ya iya sauke darasi ya ajiye domin ranar da babu intanet. Wanda ya ware rabin sa'a kullum, zango ɗaya na karatu ya ishe shi.

Mataki na biyu shi ne ya yi amfani da na'urar wajen shirya darasi kafin ya shiga aji. A nan ne tantancewa take zama wajibi. Manhajar Maktaba Shamila ta tara dubban littattafan Larabci a wuri ɗaya, amma akan sami tuntuɓen bugu a cikinsu, don haka malami ya koma ga bugaggen littafi kafin ya ɗora hukunci. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wanda ya bayyana a ƙarshen 2022, sun fi bukatar taka-tsantsan, domin suna iya ƙago sunan littafi, ko lambar shafi, ko ma hadisi, su kawo shi cikin lafazi mai daɗi kamar gaskiya. Duk abin da malami bai ga asalinsa ba, kada ya rubuta shi a kan allo. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ga malamin hadisi da malamin kimiyya.

Mataki na uku shi ne shigar da na'urar cikin aji, kuma a nan ne mafi yawan kuskure yake aukuwa. Tambayar da malami zai fara yi wa kansa ita ce: wane wuri ne a cikin wannan darasi yara suke tuntuɓe kowace shekara? Idan ya gano wurin, sai ya duba ko akwai na'urar da za ta warware shi. Idan alli da allo sun wadatar, to, a bar na'ura a aljihu.

Ga misali. Malamin tajwidi yakan sha fama da yaron da ba ya jin kuskuren kansa a wajen ƙalƙala ko tsawon madda. Idan ya ɗauki muryar yaron da waya, ya kunna masa, sannan ya karanta masa daidai, yaron zai kama a cikin minti biyar abin da aka yi mako ana nanata masa. Malamin kimiyya da yake bayanin husufin wata, majigi na minti uku zai nuna wa yara yadda inuwar duniya take faɗawa a kan wata, gani kuwa ya kori ji.

Ga kuma misalin darasin rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da ɗa, da 'ya, dukiyarsa Naira 720,000. Mata tana da tumuni, wato 90,000. Uwa tana da sudusi, wato 120,000. Ragowar 510,000 a kasa ta uku, ɗa ya ɗauki 340,000, 'ya ta ɗauki 170,000. Malami na ƙwarai zai sa ɗalibai su fitar da asalin mas'alar da hannunsu tukuna, sannan ya buɗe jadawalin kwamfuta ya canza adadin dukiyar sau biyar ko shida, yara suna faɗin amsa kafin na'ura ta nuna. Wanda ya fara da na'ura kuwa zai yaye ɗaliban da suka iya danna madanni, amma idan caji ya ƙare ba su iya raba gadon akuya uku ba.

Mataki na huɗu shi ne na'urar ta bar hannun malami ta shiga hannun ɗalibi. Mun san halin da ake ciki: aji cike maƙil, wuta ba ta tsayawa, kuɗin data ya yi tsada. Amma makarantar da take da kwamfuta biyar da farantin hasken rana tana iya kasa yara rukuni-rukuni, kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya zauna ya amsa tambayoyin gwaji da hannunsa sau da dama kafin ranar JAMB. A kula ƙwarai da 'yan mata a nan, domin sau da yawa maza ne suke mamaye kujerun, alhali jarrabawar iri ɗaya za su zauna. Akwai kuma dandalin karatu na kyauta da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF a 2022, mai ɗauke da darussan firamare da sakandare, har da na harshen Hausa.

Mataki na biyar shi ne malami ya zama mai samarwa, kuma mai koyar da 'yan'uwansa. Kayan karatu na Hausa a intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turanci da Larabci, kuma babu wanda zai zo daga wata ƙasa ya cike mana wannan giɓi. Malamin da ya ɗauki darasinsa na nahawu ko na lissafi cikin tsari, abokan aikinsa suka duba suka gyara, ya bar abin da zai amfani ɗaliban da bai taɓa gani ba.

NAUYIN DA KE KAN SHUGABANNIN MAKARANTU

Iyayenmu shugabanni, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bita ta kwana biyu a shekara ba ta gina malami, domin abin da hannu bai maimaita ba, mako biyu ya isa a manta shi. Muna ba da shawara a ware sa'a ɗaya kowane mako malamai su zauna, ɗaya ya nuna darasin da ya gwada, sauran su faɗi abin da suka gani. A haɗa matashin malami da ya iya na'ura da dattijon da ya ƙware a fanninsa, kowa ya ɗebi na ɗan'uwansa. Idan za a yi kasafin sayen kwamfuta, a sa kuɗin horarwa da na gyara da na wuta a ciki, domin ɗakunan kwamfuta nawa ne muka sani an garƙame su da kwaɗo, ƙura ta lulluɓe kayan, ba a buɗewa sai ranar da baƙi suka zo?

Har ila yau, a kafa doka a rubuce. Wayar malami a lokacin darasi kayan aiki ce, ba a amsa kira ko duba saƙo da ita. Kada a watsa hoton ɗalibi ko muryarsa sai da izinin iyayensa. Saƙon makaranta ya bi ta hannun iyaye ko ta zauren da shugaban makaranta yake ciki, kada malami ya keɓe da ɗalibi ko ɗaliba ta waya. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha a harkar ilimi ya yi gargaɗi cewa waya a hannun ɗalibi tana ɗauke masa hankali daga karatu, ya kuma nemi kada a shigar da ita aji sai inda za ta taimaki darasi a fili.

KAMMALAWA

Ya 'yan'uwa masu koyarwa, ma'aunin ci gabanmu a ƙarshen zango shi ne abin da yaro ya iya wanda a da bai iya ba. Yawan na'urorin da muka kunna ba ya shiga lissafi. Kowannenmu ya dubi matakan nan biyar, ya san inda yake tsaye, ya ɗauki darasi guda ɗaya tak da yake ba ɗalibansa wahala, ya gwada a kansa a cikin wannan wata, ya zo ya ba 'yan'uwansa labarin abin da ya samu. Sannu ba ta hana zuwa. Waɗannan yara amana ce iyayensu suka danƙa mana, kuma za a tambaye mu a kanta.