Dutsen da Zai Gifta Sama a 2029

Jawabin da aka yi wa 'yan'uwa fatake masu sarin jakunkuna a Shiling, ƙasar Sin

Abin da ya tara mu yau wata jita-jita ce da ta biyo mu tun daga zango har cikin kasuwar fata ta Shiling, wai wani dutse zai faɗo daga sama ya hallaka duniya a 2029. Har mun ji wasu suna cewa ina amfanin sarin kaya ko biyan bashi. To, ga yadda maganar take.

Dutsen dai akwai shi, sunansa Apophis. Masana taurari suka gano shi a Amurka cikin watan Yuni 2004. Faɗinsa kamar yadi 370 ne, yana kuwa kewaya rana cikin kwana 324. Lissafin farko ya nuna yana iya karo da duniya, asalin tsoron ke nan. Amma da aka yi ta bin sawunsa shekara da shekaru, ana auna inda yake tsakanin taurari, sai hanyarsa ta fito sarai. A watan Maris 2021 aka sake aunawa, aka tabbatar ba zai taɓa mu ba har shekara 100 nan gaba.

Ranar Jumma'a, 13 ga Afrilu 2029, zai gifta mu da nisan mil 20,000, watau bai kai ɗaya bisa goma na nisan wata ba. Lokacin da zai fi kusa ƙarfe 9.46 na dare ne a Kumasi, 10.46 a Kano. A nan Shiling kuwa asubar Asabar ce, gari ya soma wayewa, saboda haka rabon kallo na mutanen gida ne.

Ƙarshen Zulƙida ne, babu farin wata. Mai son gani sai ya fita bayan gari, nesa da hasken lantarki. Kada ya nemi wutsiya, ba shi da ita. Zai ga ɗan tauraro guda yana tafiya, sauran suna tsaye. Ido ma ya isa.

Don haka mu sanar da na gida su kwantar da hankali. Wanda ake bi bashi ya biya, mai sari ya yi sarinsa. Allah ya kai mu ranar lafiya. Wassalam.