Kwana Uku Cikin Hazo a Gidan Gona: Abin da Kaskon Gawayi Ya Koya Mana

    

Bayan shirin makon jiya wani bawan Allah ya turo min bidiyon guguwar ƙanƙara a Amurka. Gida ne shi kaɗai a tsakiyar gona, ƙanƙara ta rufe ƙofa har rabi, maigidan yana haƙa hanya da shebur don ya kai wa shanunsa abinci. A ƙasan bidiyon ya rubuto min cewa: "Mu dai Allah Ya raba mu da wannan." Na ce amin. Amma fa sai na tuna wasu kwana uku da na taɓa yi a gidan kawuna a ƙasar Birnin Gwari. Mu ƙanƙara ba ta zubo mana, gaskiya ne, amma muna da namu, kuma namun ma yana ɗaukar rai. Labarin da zan ba ku ke nan yau.

Ga wanda bai san wajen ba, Birnin Gwari na yammacin jihar Kaduna, tafiyar sama da kilomita 100 daga garin Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ke bi ta Tegina zuwa Legas. Ƙasa ce ta noma, masara da dawa da shinkafa da waken suya, kuma daji ya kewaye ta. Nan ne gandun dajin Kamuku yake, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1999, ga kuma dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Gidan Kawu ba a cikin gari yake ba. Ɗan gida ne a bakin gona: ɗakuna huɗu, biyu na kwano biyu na jinka, rumbu biyu, shanun huɗa guda biyu, 'yan awaki da kaji.

A watan Janairu na je, lokacin ana tsakiyar matsalar 'yan bindiga, tun kafin sulhun da aka yi a ƙarshen 2024 wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin. Ku riƙe wannan, domin yana da alaƙa da abin da ya faru.

Ranar da na sauka da yamma Kawu ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce min: "Ɗana, gobe ba za ka ga rana ba." Na ɗauka zolaya ce. Wallahi gari na wayewa, daga bakin ɗaki ba ka hango kukar da ke ƙarshen gona. Hazo ya sauka fari fat, iska na kaɗawa kamar ana yanka ka da reza, ruwan randa kuwa in ka sa hannu sai ka ji har cikin ƙashi. Wannan ƙurar, masana sun ce mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele, inda a da can tafki ne ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta ta baza mana. Kuma da yake babu laima a iska, da rana ta faɗi ƙasa ba ta riƙe ɗumi, shi ya sa sanyin asuba ya fi kowanne cizo.

Abin da ya fara burge ni, Kawu bai rikice ba, don ya riga ya shirya. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da kaka ya ɗora harawa da karan dawa a kan rumfa, saboda haka ba sai an fita da dabbobi ba. Ya kafa zana ta gabas da turken shanu don ta tare musu iska. 'Yan awakin da aka haifa kwanan nan an shigar da su zaure, an toshe akurki da buhu. Ciyawar da ke kewaye da gida da rumbuna duk ya share ta tas, faɗin taku goma ko fiye, saboda lokacin ne masu farauta ke cinna wa daji wuta don neman gafiya, kuma in iska ta ɗauko wuta ba ta tambayar gidan wa. Inna kuwa kunun tsamiya ba ya yankewa a murhu, ga shayi da citta da kanumfari, yara an shafe su da man kaɗe saboda kaushi da faso.

Abu ɗaya ne ba su da shi isasshe: itace. A da, daji na bayan gida, mata da samari su shiga su yo kaya guda. Amma a wancan lokacin wa zai shiga daji? Sai dai a sayi gawayi. To ka ga inda matsalar ta ɓullo. Itace yana hayaƙi, hayaƙin ya sa ka tari, ya sa ka hawaye, dole ka ɗaga asabari. Shi kuwa gawayi shiru yake ci, ba ya damun kowa, sai ka ja ƙofa ka toshe taga ka ce ka huta.

Dare na biyu sanyin ya kai maƙura. Kakarmu, mahaifiyar Kawu, ta haura shekara tamanin, tana kwana da jikokinta biyu. Aka cika mata kasko da garwashi, aka toshe 'yar tagar da tsumma, aka ja ƙofa. Duk don tausayi aka yi. Ni da hannuna na kai kaskon, ba zan ɓoye muku ba.

Wajen ƙarfe uku na dare Inna ta fito zagayawa, sai ta ji kamar ana kakarin amai a ɗakin Kaka. Ta buga, shiru. Ta ƙwala kira: "Malam! Malam, fito!" Muka banke ƙofa. Babbar yarinyar ta yi amai a kan tabarma, ta kasa tashi, tana cewa kanta zai fashe. Ƙaramin ana girgiza shi yana buɗe ido yana mayarwa. Kaka kuwa ko motsi.

Maƙwabcin da ya shigo, abin da ya fara cewa shi ne iska ce ta shafe su, a kawo turare a yi hayaƙi. Ku ji fa, a ƙara hayaƙi! Allah Ya taimake mu Kawu ya ce a'a, a fitar da su waje tukuna. Muka kwantar da su a tsakar gida cikin wannan sanyin, muka lulluɓe su da barguna. Asibiti kuma ba halin zuwa, don a lokacin ba mai hawa babur a hanyar nan da tsakar dare. Haka muka zauna muna salati. Yaran suka fara dawowa hayyacinsu. Kaka sai gab da kiran assalatu ta buɗe ido, ta dube ni ta ce: "Kai, wa ya fito da ni cikin sanyin nan?" Kawu, dattijo da gemunsa, sai ga shi yana hawaye.

Da gari ya waye muka kai su asibiti cikin hazon nan. Ma'aikacin lafiyar da ya duba su ya yi mana bayani. Iska ce kam, amma ba ta aljanu ba. Sunanta kabon monoksaid. Duk abin da ke ci da wuta a wurin da iska ba ta shiga sosai yana fitar da ita: gawayi, itace, risho, janareta. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini tana manne masa fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu ko fiye, sai jiki ya rasa abin numfashi alhali mutum yana numfashi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai barci kuwa ba ya ma jin alamun, daga barci sai barci.

Kuma kada ku ɗauka wannan matsalar talakan ƙauye ce kawai. A Fabrairun 2021 da guguwar sanyi ta auka wa jihar Texas a Amurka, wuta ta ɗauke, sama da mutum 200 suka mutu. Wasu daga cikinsu ba sanyin ne ya kashe su ba, wannan iskar ce, saboda sun shigar da murhun gawayi ɗaki, ko sun tayar da mota ko janareta a rufaffen wuri don su ji ɗumi. Kun ga ashe mutumin cikin bidiyon nan da kawuna jirgi ɗaya ne ya ɗauko su.

To me nake so ku ɗauka? Sanyi yana wahalarwa, yana tayar da asma, yana tayar wa masu sikila ciwo, yana jawo wa yara limoniya. Amma abin da ke ɗauke mutane uku a dare ɗaya, sau da yawa wutar da muka kawo don maganin sanyin ce. Saboda haka a ji ɗumi da ido biyu, taga a buɗe, in an tashi kwanciya a fitar da kaskon waje a kashe shi. Kar a ce ai ya zama toka, garwashi na ƙarƙashi. A ƙara bargo, a sa wa tsofaffi da yara hula da safa, a shimfiɗa buhu ko kwali ƙarƙashin tabarma don sanyin ƙasa. Janareta waje, nesa da taga. In kuma kun ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai tare, ku fitar da su iska nan take, ku kwantar da wanda ya suma ta gefensa, kar ku ɗura masa ruwa ko madara, ku kai asibiti ko da sun farfaɗo, kuma ku faɗa cewa da gawayi a ɗakin.

Na ƙarshe, a riƙa leƙa tsofaffi. Da Inna ba ta fito ba, da yau wani labarin nake ba ku. In akwai tsohuwa mai kwana ita kaɗai a unguwarku, ko 'yan gudun hijira da ke kwana a kango, bargo ɗaya da ka kai ya fi kaskon wuta goma. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Rana ta huɗu hazon ya yaye, muka sake hango kuka. Kaka ta rayu shekara biyu bayan nan, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina tsokanata ba, duk na je sai ta ce ga mai kasko ya zo. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan namu baki ɗaya, Ya zaunar da Birnin Gwari da kewaye lafiya.

Ku tura wa 'yan uwa na ƙauye, wanda bai iya karatu ba a kunna masa ya ji. Ku kuma faɗa mana a ƙasa yadda ake fama da hunturu a garinku. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.